Jirgi Ɗaya a Rana: Tashi da Faɗuwar Layin Dogon Béziers zuwa Neussargues

Kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, yana sakin jadawalin tafiye-tafiyensa a intanet kyauta ga duk mai son ɗauka ya yi aiki da shi. Wata rana ina neman bayanan da zan gwada wata ƙaramar manhajar tsara hanya da nake rubutawa, sai na sauke jadawalin, na sa kwamfuta ta jera min sassan dogo gwargwadon yawan jiragen da ke bin su a rana. A saman jerin akwai tashoshin birnin Faris, inda jirage ke shiga da fita kamar tururuwa. A can ƙasa kuwa na ci karo da wani sashe a tsakiyar ƙasar, tsakanin garin Saint-Chély-d'Apcher da ƙauyen Neussargues, wanda jirgin fasinja ɗaya ne ke bi ya wuce kudu, ɗaya ya dawo arewa, shi ke nan sai kuma gobe.

Da farko na ɗauka kuskure ne a cikin bayanan. Da na duba taswira sai na ga ashe a kan wannan sashe ne gadar Garabit take, wadda kamfanin Gustave Eiffel ya gina shekaru biyar kafin hasumiyar Faris da ta sa sunansa ya zaga duniya. Abin da ya tsaya min a rai shi ne: yaya aka yi ƙasa ta kashe irin wannan dukiya don jirgi ya ƙetare kwazazzabo, sannan bayan shekaru ɗari da 'yan kai ta wayi gari ba ta da abin da za ta aika ta kai sai jirgi ɗaya?

Layin ya tashi ne daga Béziers, kusa da gaɓar Bahar Rum, ya hau arewa tsawon kilomita 277 har zuwa Neussargues a jihar Cantal. Yana ratsa tuddan da ake kira Massif Central, ya bi ta Bédarieux, Millau, Sévérac-le-Château, Marvejols da Saint-Flour. Dogo ɗaya ne tak, jirage sai a tasha suke kauce wa juna. A wasu wuraren yana hawan mita 33 a cikin kilomita guda, abin da yake babban nauyi ne ga jirgin ƙasa, kuma a ƙololuwarsa ya haura mita 1,000 sama da teku. Faransawa na kiransa layin Causses, da sunan busassun tuddan farar ƙasa da yake ratsawa, wasu kuma su ce layin Aubrac.

Ba don fasinja aka fara shi ba. Kwal ne ya kira dogo. A duwatsun arewacin Béziers akwai ma'adinan kwal na Graissessac, kuma masu su na neman hanyar da za su sauko da shi gaɓar teku. A 1858 aka buɗe sashen farko daga Béziers zuwa Bédarieux. Ƙaramin kamfanin da ya yi aikin bai daɗe ba ya karye, layin ya koma hannun wani babban kamfani mai suna Compagnie du Midi, wanda 'yan'uwan nan biyu masu harkar banki, Émile da Isaac Pereire, suka kafa a 1852.

Kamfanin Midi na da wani ciwo da ya daɗe yana damunsa. Tun dokar 1842 aka tsara dogon Faransa kamar tauraro, kowane babban layi ya taso daga Faris ya nufi wani kusurwa na ƙasar. Cikin manyan kamfanonin da suka raba ƙasar a tsakaninsu, Midi ne kaɗai ba shi da tasha a Faris. Ta gabas kamfanin PLM ya tare shi, ta arewa maso yamma kuma kamfanin Paris-Orléans. Duk kayan da ya ɗauko daga kudu, dole ya miƙa wa ɗayansu, kuma iya nisan da ya ja kayan a kan dogonsa, iya kuɗin da zai samu. Hawa ta tsakiyar duwatsu na nufin riƙe kaya a hannu na ƙarin ɗaruruwan kilomita kafin a miƙa. Jirgi ya isa Millau a 1874, Marvejols a 1884, sannan Neussargues a 1888, shekara talatin cif bayan buɗe sashen farko.

Ita ma gwamnati na da nata lissafin. Bayan kashin da Faransa ta sha a hannun Jamusawa a yaƙin 1870, sabuwar jamhuriya ta ƙuduri aniyar ɗinke ƙasar wuri guda. A ƙauyukan waɗannan duwatsu, mutane da yawa a lokacin harshen Oksitan suke yi a gida, Faransanci sai a makaranta da ofis. Makaranta, aikin soja da dogo su ne igiyoyi uku da aka yi niyyar ɗaure su da su. A 1879 majalisa ta amince da shirin ministan ayyuka Charles de Freycinet na gina sababbin layuka 181, kusan kilomita 9,000, don jirgi ya isa kusan kowace hedikwatar gunduma. Ba wanda ya yi tsammanin dukkansu za su ci riba. A wannan yanayi ne aka kammala sashen arewa na layinmu, wanda ya fi kowane wuya, injiniyoyin gwamnati ne kuma suka tsara shi.

Ɗaya daga cikinsu wani matashi ne mai suna Léon Boyer, ɗan asalin jihar Lozère, wanda bai kai shekara talatin ba a lokacin. Matsalar da ke gabansa ita ce kogin Truyère, wanda ya yanka tudun gida biyu da zurfin da ya wuce mita 120. Tsarin farko ya ce dogo ya gangara cikin kwarin, ya ƙetare ruwa a kan gajeriyar gada, ya sake hawa ɗaya gefen. Boyer ya ce a'a, a bar dogon a kan tudu, a ƙetare kwazazzabon ta sama. Ya nuna a lissafi cewa duk da tsadar gadar, wannan hanya ta fi arha wajen gini, kuma za ta sauƙaƙa wa jirage har abada. Hujjarsa ita ce gadar Maria Pia da kamfanin Eiffel ya kammala a birnin Porto na ƙasar Fotugal a 1877. Aka ba Eiffel aikin, injiniyansa Maurice Koechlin ya yi lissafin ƙarfen.

An gama gadar a 1884. Tsawonta mita 565 ne, bakan da ke tsakiya ya buɗe mita 165, dogo kuma a lokacin yana mita 122 sama da kogi. Ta ci ƙarfe sama da tan 3,000, an ɗaure shi da ƙusoshi fiye da 600,000, kowace ɗaya da hannu aka buga ta tana ja wur daga wuta. An gina bakan daga gefe biyu, kowane rabi na rataye da igiyoyin ƙarfe a sararin sama, har suka haɗu a tsakiya. A 1888, da aka ɗora mata jirgi mai nauyi don gwaji, bakan ya lotsa da milimita 8, daidai da abin da aka lissafa da alƙalami da takarda. A matsayina na wanda kwamfuta ke yi wa lissafi amma duk da haka manhajarsa kan faɗi ranar farko, wannan adadi yana sa ni jin kunya. Boyer kansa bai ga jirgin farko ya ƙetare ba. Ya tafi aikin haƙa mashigin ruwa na Panama, zazzaɓin shawara ya kashe shi a can a 1886.

Me layin ya ɗauka a zamanin ganiyarsa? Kwal daga Graissessac. Giyar inabi daga filayen Languedoc, wadda ake loda wa a manyan tankuna zuwa Faris. Cukun Roquefort daga tashar Tournemire, safar hannu ta fata daga masana'antun Millau, shanu da tumaki daga makiyayan Aubrac. Sévérac-le-Château ya zama garin ma'aikatan jirgi, da wurin ajiye injina da unguwannin da albashin dogo ke ciyarwa. Neussargues, ƙauyen da ba a san da shi ba, ya zama mahaɗar layuka da suka nufi kusurwoyi daban-daban. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma aka kafa masana'antar ƙarfe a Saint-Chély-d'Apcher, nesa da fagen daga, kusa da ruwan da ke ba da lantarki, a bakin dogo.

Amma akwai wani kaya da layin ya ɗauka wanda ba ya cikin lissafin waɗanda suka gina shi, wato mutanen yankin. An kawo dogo don a raya ƙauyuka, sai ya zama hanyar barin su. Samari daga Cantal, Aveyron da Lozère suka riƙa shiga jirgi zuwa Faris, inda suka yi suna wajen sayar da gawayi da giya a ƙananan shaguna, daga baya da yawansu suka mallaki gidajen shan gahawa na birnin. Jihar Lozère na da mutane sama da 140,000 a 1881. Zuwa 1990 sun koma kimanin 73,000, kuma har yau ita ce jiha mafi ƙarancin jama'a a Faransa. Ba dogo ne ya haddasa talaucin da ya kore su ba, amma shi ya buɗe ƙofa. Kowane saurayi da ya sayi tikitin tafiya ba na dawowa ba, ya rage wa layin fasinjan gobe.

Kamfanin Midi ya yi ƙoƙarin ƙarshe na mayar da layin babbar hanya. Injinan tururi na shan wahala a hawan, suna cin kwal mai tsada, ga hayaƙi da ke shaƙe direbobi a cikin ramukan da aka huda a duwatsu. Kamfanin, wanda ya riga sauran shiga harkar lantarki saboda ruwan duwatsun Pyrénées, ya ja wa layin waya daga farko har ƙarshe a 1931 da 1932, da ƙarfin bolt 1,500. Babban jari ne, kuma ya zo daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Wani abin takaici kuma, wayar ta tsaya a Neussargues, iyakar ƙasar Midi. Daga nan zuwa Clermont-Ferrand, hanyar Faris, ba a ja wayar ba, kuma har yau ba a ja ba. A wancan zamani, duk jirgin da ya zo sai an cire masa kai an sa wani. Masu sana'ata sun san irin wannan: a gyara sashe ɗaya na tsari ya zama na zamani, a bar mahaɗarsa da sauran sassa yadda take, sai duk ribar gyaran ta zube a bakin mahaɗar.

A 1934 Midi ya haɗe harkokinsa da Paris-Orléans, a ranar 1 ga Janairun 1938 kuma dukkan manyan kamfanonin suka narke cikin SNCF. Wannan ya kashe dalilin farko na wanzuwar layin. Muddin kamfani ɗaya ne ke da dukkan dogon ƙasa, ba sauran dalilin jan kaya ta kan dutse don kawai a hana wani kamfani cin kuɗin. Kwarin kogin Rhône shimfiɗaɗɗe ne, jirgi ɗaya a can na jan abin da sai an raba gida biyu ko uku a kan tudu.

Daga nan aka shiga sare rassa. A 1938 da 1939 kaɗai Faransa ta daina jigilar fasinja a kan kusan kilomita 10,000 na dogo, aka miƙa aikin ga motocin safa. Rassan da ke tasowa daga Tournemire zuwa Saint-Affrique da Le Vigan na cikin waɗanda abin ya shafa. A 1950, saboda ruwan madatsar Bort-les-Orgues da zai shanye shi, aka rufe wani sashe na dogon da ke arewa maso yammacin Neussargues, wanda shi ne gajeriyar hanyar jiragen giya zuwa Faris. An fara huda dutse don a zagaye ruwan, sai aka watsar da aikin. Reshen Bédarieux zuwa Mazamet ya rasa fasinjansa a 1972, yanzu hanyar masu keke ce. Na Neussargues zuwa Bort ya bi sahu a 1990. Na Sévérac zuwa Rodez an dakatar da shi a ƙarshen 2017.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, in an ɗauke shi shi kaɗai, yana da hujja: reshen ba ya mayar da kuɗinsa. Kuskuren da ke cikin lissafin, duk wanda ya karanta ilimin kwamfuta ya san shi. Darajar kowace mahaɗa a cikin tsarin sadarwa ba a jikinta take ba, tana ga yawan wuraren da za a iya kai wa daga gare ta. Mutumin Saint-Affrique da ke shiga jirgi zuwa Béziers fasinja ne na reshe, kuma fasinja ne na babban layi. In ka rufe reshen, ba ƙaramin kuɗinsa kaɗai ka rasa ba. Ranar da ya sayi mota don ya kai kansa tasha, ba zai tsaya a tashar ba, wucewa zai yi.

Hanyar wucewar ma gwamnati ce ta gina masa. Babbar hanyar mota ta A75, daga Clermont-Ferrand zuwa Béziers, ta bi kusan sawun dogon, kuma domin a raya yankin aka bar ta kyauta, ba a biyan ko sisi sai a kan gadar Millau. An buɗe wannan gada a Disamban 2004. Injiniya Michel Virlogeux da mai zanen gine-gine Norman Foster ne suka tsara ta, tsayinta mita 343, kuma kamfanin Eiffage, wanda ya gaji wani ɓangare na kamfanin Eiffel, shi ya gina ta. A can arewa kuma, matafiyin A75 na iya tsayawa a wurin hutawa ya ɗauki hoton gadar Garabit da jan fentinta. A mota, tafiyar Clermont zuwa Béziers ba ta kai awa huɗu ba. A jirgi ta haura awa shida. Ta ɗaya gefen, jirgi mai gudun tsiya na TGV, wanda ya fara aiki a 1981, sabon layinsa kuma ya isa gaɓar Bahar Rum a 2001, ya kwashe duk mai son zuwa Faris daga Béziers. A 2007 aka daina jirgin da ke tasowa kai tsaye daga Faris ta wannan layi, sai dai mutum ya sauka a Clermont ya canza.

Abin da ya fi duk waɗannan illa, a ganina, ba ya da ranar da za a rubuta a tarihi. Dogo na tsufa. Katakan da ke ƙarƙashinsa na ruɓewa, tsakuwa na nitsewa, waya na lalacewa. In kuɗin sabuntawa bai samu ba, sai a yi faci, in facin ya gaza sai a rage wa jirgi gudu a wurin don kare rayuka. Gudu ya ragu, tafiya ta ƙara tsawo, fasinja ya ragu. Shekara mai zuwa, idan aka zo rabon kuɗi, sai a duba yawan fasinja a ce layin bai cancanci jari ba. A 2005 wani bincike da masana daga jami'ar fasaha ta Lausanne suka yi a ƙarƙashin Farfesa Robert Rivier ya gaya wa Faransa cewa ta shafe shekaru tana kashe kuɗi a kan faci maimakon sabuntawa, kuma ƙananan layuka ne suka fi jin jiki. A wurin aikinmu muna kiran wannan bashin fasaha: aikin da ka ƙi yi yau don sauri, za ka biya shi gobe da ruwa. Na sha ganin tsohuwar manhaja da ba wanda ya yanke hukuncin kashe ta, an dai daina taɓa ta ne, har ranar da aka ce ai ta lalace, ba mai amfani da ita. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. A 2009 an gano tsaga a jikin gadar Garabit, aka rufe ta na ɗan lokaci, da aka buɗe kuma jirgi ya riƙa rarrafawa a kanta kafin a gyara.

Ya kamata a yi wa masu son rufewa adalci. A 2018 Jean-Cyril Spinetta ya miƙa wa gwamnati rahoto inda ya ce ƙasar na kashe kimanin yuro biliyan 1.7 a shekara a kan ƙananan layuka masu tsawon kusan kilomita 9,000, waɗanda kashi 2 cikin ɗari na fasinja kaɗai ke bi. Wannan kuɗin talakawa ne, kuma akwai miliyoyin ma'aikata a kewayen Faris da Lyon da ke cushe cikin jirage kowace safiya suna jiran a gyara nasu. Motar safa a kan A75 ta fi jirgin sauri, ta fi shi arha. Wanda ya ce a rufe ba mugu ba ne. Inda nake da ja shi ne wurin awon. An auna layin ne bayan shekara hamsin ana sare masa rassa, ana rage masa gudu, ana ba shi jirgi ɗaya a rana. Adadin da aka samu gaskiya ne, amma sakamakon hukuncin da aka riga aka yanke ne a hankali, ba hujjar yanke sabo ba. Gwamnatin lokacin ba ta bi shawarar rufe ƙananan layukan daga Faris ba, ta tura maganar ga yankuna, su da ke ɗaukar nauyin jiragen cikin gida tun 2002.

Abubuwa biyu suka riƙe layin bai mutu ba. Na farko mutane ne. Tun shekarun 1990 ma'aikatan jirgi, shugabannin ƙananan hukumomi da mazauna garuruwan suka kafa kwamitin kare layin, wanda ya haɗa masu ra'ayoyin siyasa daban-daban, suna cika jirgi su yi gangami duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin rufewa. Akwai kuma ɗaliban makarantun kwana na Lozère, da tsofaffin da ba sa iya tuƙi, musamman a lokacin sanyi da ƙanƙara ke rufe tudu. Na biyu shi ne masana'antar nan ta Saint-Chély, wadda yanzu ke hannun ArcelorMittal. Tana sarrafa wani irin ƙarfe na musamman da ake yin injinan lantarki da shi, har da na motoci masu amfani da batir, kuma ita ce babbar masana'antar jihar Lozère. Naɗaɗɗun fallayen ƙarfen da take aiki da su ta jirgi suke zuwa, ta arewa, su ƙetare Garabit. In dogo ya tsaya, ko dai a zuba wannan nauyi a kan manyan motoci, ko aikin ya bar garin. A 2024 an rufe sashen arewa na wasu watanni, aka tone tsohon dogo aka shimfiɗa sabo.

Ke nan layin da kwal ya haifa, yau ƙarfen motar lantarki ke shayar da shi. Sauran sassan da ke kudu, da tsohuwar wayar da ke kansu, suna jiran nasu kuɗin, kuma kowace shekara da ta wuce kuɗin ƙaruwa yake.

Na koma kan manhajata na nemi ta fitar min da hanya mafi sauri daga Béziers zuwa Faris. Ta bi da ni ta Montpellier da kwarin Rhône, kamar yadda ya kamata. Na gwada Béziers zuwa Clermont-Ferrand, na canza lokacin tashi da awa ɗaya kacal bayan wucewar jirgin safe, sai layin ya ɓace daga amsar gaba ɗaya. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da na umarce ta ta nema ta nemo. Amma matafiyin da ya duba wayarsa ya ga wannan amsa zai ɗauka babu dogo a wurin, kuma a ƙididdigar shekara mai zuwa ba za a ga sunansa cikin waɗanda suka nemi hawa ba.